Tsinke A Kunne

Makon jiya wata yarinya a ajina tana sosa kunne da tsinken tsintsiya, sai ƙawarta ta buge mata gwiwar hannu. Ta ƙwalla ƙara, jini ya ɗan biyo, ta ce kunnen ya toshe. Ban yi mata faɗa ba, don sau nawa na ga iyaye mata suna yin haka da ashana, ko gashin kaza, ko ma kibiyar kitso?

Zurfin ramin kunnen babban mutum wajen inci 1 ne kawai. A ƙarshensa dodon kunne yake, wata 'yar fata ce kamar ɓawon albasa. Bayanta akwai ƙasusuwa 3, waɗanda suka fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jiki, su ke kai sauti can ciki. Tsinke yana iya huda fatar, in ya zarce ya gusar da ƙasusuwan.

To, in haka ta faru, abin da ya fi ɓata al'amari shi ne gaggawar taimako. Wannan ta kawo man gyaɗa, waccan ta ce a matsa ruwan ganye. Kada ku ɗiga kome, kada ku wanke. Ƙofa ce ta buɗe, duk abin da aka zuba zai shige ciki ya jawo mugunya. Ku rufe bakin kunnen da tsumma mai tsabta, ku tafi asibiti. In tsinken ya karye a ciki, ku bar wa likita ya cire.

Yawancin irin wannan huji yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, muddin ruwa bai shiga ba. Lokacin wanka a shafa wa auduga Vaseline a toshe bakin kunnen, kuma a daina fyace majina da ƙarfi. In an yi wata 3 bai rufe ba, likitan kunne yana iya yin aiki ya lika shi.

Amma in kun ga jiri da amai, ko baki ya karkace, ko ruwa garau yana zuba, ko ji ya ɗauke ƙaf, kada a kwana. Raunin ya wuce dodon kunne ke nan.

Yarinyar tawa ta dawo aji. Likita ya ce a mai da ita bayan mako 4 ya sake dubawa.