Haƙƙin Wanda Aka Sallama Daga Aiki

A wannan mako za mu duba halin magidancin da aka wayi gari an miƙa masa takardar sallama, ga iyali, ga kuɗin haya, ga kuma kunyar roƙo.

A ƙasar Ingila tun 1911 aka kafa inshorar rashin aiki, Amurka kuwa ta bi sahu a 1935. Nijeriya ba ta da irin wannan tsari na biyan marar aiki mako-mako. Amma akwai wata ƙofa wadda mutane da yawa ba su sani ba. Dokar Fansho ta 2014 ta ce duk wata a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na fansho. Idan ya rabu da aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana da ikon karɓar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru ba. A dokar 2004 wata 6 ake jira, sai aka rage.

To, wannan kuɗi ba sadaka ba ne, ba kuwa bara ba ce. Guminka ne aka ajiye maka amana. Wanda ya bar iyalinsa da yunwa don jin nauyin neman haƙƙinsa ya zalunce su, guntun gatarinka kuwa ya fi sari ka ba ni.

Hanyar nema ita ce, mutum ya tafi kamfanin da ke riƙe da asusunsa, ya rubuta takardar neman kuɗin. Zai haɗa da takardar sallama, da takardar albashinsa ta ƙarshe, da shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu ta shekaru, da hoto, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar asusunsa na banki. Ma'aikacin kamfani ana kuma neman takarda daga tsohon wurin aikinsa mai tabbatar da an zuba dukan kuɗinsa.

Abu biyu suka fi kawo cikas. Na farko, saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardu. Lalle a gyara wannan tun ana cikin watannin jira. Na biyu, a tarar an yi ta cire kuɗi daga albashi ba a zubawa. Doka ta ba mai ɗaukar ma'aikata kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya zuba, in ya ƙi akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba kowane wata. Wanda aka yi wa haka ya kai kukansa ga Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom. Masu riƙe haƙƙin leburori kuwa su ji tsoron Allah, cin amana ne tsantsa.

Shi ma mai nema akwai amana a wuyansa. Kada wanda ya riga ya sami wani aiki ya ɓoye, kada a ƙirƙiro takardar sallama ta jabu, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya kuma tuna cewa daga guzurin tsufansa ya yanko, sauran ba ya taɓuwa sai ya cika shekara 50. Saboda haka a sa kuɗin cikin abinci, da biyan bashi, da jarin sana'a, ba biki ko ƙarin aure ba.

Allah Ya buɗa wa marasa aiki ƙofar halal, Ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.