Ceton kamfanin mota da aikin ma'aikaci: abin da Kaduna ke koya wa ƙasar Arewa

Duk wanda ya san tashar mota ta Dogon Dutsi shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san Peugeot, wadda direbobi ke kira Pijo. Ƙirar 504 ce ke ɗaukar fasinja zuwa Doso da Yamai da Birnin Ƙonni, a-kori-kurar 404 kuwa ita ke fito da buhunan wake da gero daga kasuwannin Matankari da Tibiri zuwa bakin kwalta. Da yawa daga cikin motocin nan a Kaduna aka haɗa su, suka ƙetaro iyaka. Masana'antar da ta haɗa su ta faɗa cikin bashi, gwamnatin Najeriya ta sa hannu ta tallabe ta, amma duk da haka yawancin ma'aikatanta ba su koma bakin aiki ba. Tun da yake ƙasashe da dama suna muhawara a kan ko ya dace a ceci kamfanonin mota da kuɗin baitulmali, ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya kasance a maƙwabta.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu goyon bayan ceto suna cewa ma'aikaci guda a masana'anta yana riƙe da gida guda, a bayansa kuma akwai masu ƙera taya da batir da gilashi, da dillalai, da masu sayar da abinci a ƙofar masana'anta. In aka rufe ta, duk waɗannan za su zauna, gwanintar da aka yi shekaru ana tarawa kuma ta watse. Masu adawa kuwa suna cewa kuɗin ceto harajin talaka ne, wanda zai iya gina rijiyoyi da makarantu da gidajen likita, kuma shugabannin kamfanin da suka tabbata za a cece su ba za su kula da tattali ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai abin da ya faru a aikace shi ne alƙali.

A Amurka, a 2008 da 2009, gwamnati ta zuba wajen dalar Amurka miliyar 80 don tallafar General Motors da Chrysler. Kamfanonin biyu sun rayu, kuma an maido da mafi yawan kuɗin, asarar baitulmali ta tsaya wajen miliyar 10. Amma kafin su miƙe sai da General Motors ya rufe masana'antu fiye da goma, ya sallami dubban ma'aikata. A Faransa, a watan Fabrairu na 2009, gwamnati ta ranta wa Renault da Peugeot-Citroën yuro miliyar 3 kowanne, watau kusan miliyar 2000 na kuɗin sefa, bisa sharaɗin kada su rufe masana'anta a cikin ƙasar muddin bashin yana kansu. Suka biya a 2011. A watan Yuli na 2012 sai Peugeot-Citroën ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa ta Aulnay, kusa da Paris, mai ma'aikata wajen 3000. Sharaɗin ya ƙare ranar da bashin ya ƙare.

Yadda ta kasance a Kaduna

An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya, wanda aka sani da PAN, a 1972, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da uwar kamfanin ta Faransa, ya kuma fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. A zamanin nan ne aka kafa irinsa a wasu birane: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Mercedes a Enugu, da manyan motocin Fiat a Kano. Kuɗin man fetur yana shigowa, gwamnati da ma'aikatanta su ne manyan masu saye, har a farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna tana fitar da motoci dubu gomomi a shekara, tana ɗauke da dubban ma'aikata.

To, amma akwai rauni tun daga tushe. Yawancin sassan motar daga Faransa suke zuwa, har a shekarun farko jiragen sama ne ke jigilarsu daga birnin Lyon zuwa Kano. Da farashin mai ya faɗi, aka karya darajar naira a 1986, sai kuɗin sassan ya hau, albashin malamin makaranta da akawu kuwa ya kasa sayen sabuwar mota. Jama'a suka koma ga tsofaffin motocin Turai masu sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

An gwada magani iri uku. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga wani kamfani na ƴan kasuwa, ASD Motors, amma bashin bankuna ya danne masana'antar. A 2012 hukumar AMCON, wadda gwamnati ta kafa a 2010 don saye munanan basussukan bankuna, ta maida bashin hannun jari, ta riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na kamfanin. A 2013 kuma aka fito da sabon tsarin da ya ɗora kuɗin kwastan da haraji har kashi 70 cikin 100 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe. Sunan PAN bai ɓace ba, kuma a 2020 AMCON ta sayar da shi ga kamfanin Nesbitt. A 2022 wani sabon kamfani na Ɗangote ya fara haɗa Peugeot a wata masana'anta dabam a Kaduna. Sai dai babu ɗayansu da ya kusanci yawan motoci da ma'aikatan shekarun 1980, domin ciwon yana nan inda yake: sassa daga waje, mai saye kuma ba shi da ƙarfi.

Inda abin ya taɓa Arewa

Nijar ba ta da masana'anta irin ta Kaduna, amma gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna maƙwabtaka da Najeriya, kuma babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa Dogon Dutsi. Shekaru da yawa ayarin tsofaffin motoci yana tasowa daga Kwatano, ya ƙetare gadar Gaya, ya biyo Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, daga can ya shiga Najeriya. Direbobi da makanikai da masu faci da masu sayar da mai da abinci a bakin hanya sun ci daga wannan fatauci, baitulmalin Nijar ma ya sami kuɗin fito. Ma'ana, wani sashe na aikin da ya kuɓuce wa Kaduna a kan wannan hanya ya sauka.

Da Najeriya ta tashi kare masana'antunta, sai sakamakon ya iso nan. Daga 1 ga Janairu 2017 ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma ta rufe iyakokin gaba ɗaya. A 2023 aka rufe gadar Gaya ita ma. Wannan ya nuna cewa aikin da ke rataye da dokar wata ƙasa ba shi da tabbas. Abin da ya ɗore a Arewa shi ne aikin gyara da jigila: garejin makaniki, da mai walda, da ɗan kabu-kabu, da direban da ke kai wake kasuwa. Waɗannan ba su cikin lissafin masu ceton kamfanoni, alhali su ne mafi yawa, kuma duk ƙarin haraji a kan mota da sassanta a kansu yake ƙarewa.

Abin lura ga mahukunta

Ba a nan take a ce ceto laifi ne ba, domin a Amurka ya yi amfani, inda kasuwa take da ƙarfi, sassan kuma ake ƙera su a gida. Amma kafin a taɓa kuɗin jama'a don wani kamfani, na mota ne ko na sufuri ko na masaƙa, akwai tambayoyi uku da ya wajaba a amsa. Shin akwai masu sayen abin da yake yi? Kashi nawa na kayan aikinsa ake samu a cikin ƙasa? Ma'aikata nawa ya ɗauki alkawarin riƙewa, har zuwa yaushe, kuma wa zai bi sawu? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kamfanin da ya karɓi kuɗin talaka, dole a rubuta askin da zai yi.

In amsoshin ba su gamsar ba, gara a kai kuɗin inda ma'aikacin yake: cibiyoyin koyon sana'a da za su horar da samari gyaran injunan zamani, da rance mai sauƙi don sayen kayan gareji, da gyaran hanyoyin karkara masu cinye motoci tsakanin kasuwannin Dallol Mawri. Kaduna ba ta da nisa, kuma in gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na gida ruwa.