Kafin a zuba siminti a kan gulbi, a ji ta bakinmu

Jama'ar Agye, Gazawa da Gidan Rumji! Manoman aya da wake, direbobi, 'yan kabu-kabu, masu amalanke, iyayenmu mata masu kai tabarmin kaba kasuwa, ku matso, maganar nan taku ce.

Hanya guda ce ta ɗinke gundumomin nan uku: babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Dosso da Konni, ta ratsa mu ta nufi Damagaram har Diffa. Ruwa kuwa ya sa ta tsakiya. Gulbin Maradi na shigowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa, Maradi da Tibiri, ya gifta Gidan Rumji ya koma Najeriya. Kwarin Gulbin Kaba ya tsallake hanyar ta gabas, ya yi kwana ta Mayahi, ya sake tsallake ta ta yamma. Ga koramu ba adadi. Kowace mahaɗa akwai kadarko ko kwalbati da shekaru da nauyin tireloli ke ci, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai an sake su. Irin wanda za a gina, a kan takarda ake yanke shi, a ofis, tun kafin mu ga ƙurar katafila. In muka jira ranar aza tubali, mun makara.

Kada rairayin rani ya yaudare mu. Tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan Gulbin Maradi ya ragu, har wasu suka kafa gida da garka a cikin kwari. Amma a 1945 gulbin nan ya cinye tsohon birnin Maradi, sai da aka tashi gari aka koma tudu. A damanar 2024 ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma ruwa ya yanke ita wannan hanya a kusa da Yamai, motoci suka yi jerin gwano.

To, me injiniyoyi ke iya zaɓa? Mafi arha shi ne radiye, shimfiɗar siminti a ƙasan korama, ruwa ya bi ta kai. A hanyar ƙauye ba laifi. A hanya mai lamba 1 kuwa, sam! Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin radiye bayan ruwan dare ya san abin: motar asibiti da mai naƙuda a ciki, an kashe inji ana jira, samari sun naɗe wando suna ɗaukar babur a ka, wani direba ya gaji ya kutsa, ruwa ya juya shi.

Sai jerin kwalbati masu kusurwa huɗu. Suna ginuwa da wuri, kuɗinsu da sauƙi, 'yan kwangilar gida na iya su. Matsalarsu yashi. Ruwanmu ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da rairayi, da karan dawa, da kututture, da leda. In bakin ya toshe, ruwa ya taru a baya, ya haye kwalta ko ya ci cikon ƙasar da ke gefe. Sau da yawa simintin na nan daram, hanyar da ke kai wa gare shi ce ta tafi.

Na uku shi ne dogon kadarko a kan ginshiƙai, da tazara mai faɗi tsakaninsu, tushensu ya nutse ƙasa da inda ruwa ke iya ƙwaƙulewa. Yana da tsada, ba a musu. Amma a manyan mahaɗu shi ya kamata mu nema, mu nace. A lissafa gyaran da ake yi wa mai arha kowace damana, da buhunan ayar da ke kwana a mota, sannan a gaya mana wanne ya fi tsada.

Kuma a tuna da mu da ba mu da mota. Ranar kasuwar Cadawa ku dubi abin da ke bin kwalta: amalanken shanu, jakuna, garken Fulani, 'yan makaranta. A ware musu gefensu, da shinge. A gina sabon kadarko kusa da tsohon, kada a rushe tsohon sai sabon ya ɗauki mota, don hanyar ratse ta jar ƙasa ruwan farko ke kwashe ta.

Dokar ƙasa ta 2018 kan binciken muhalli ta tanadi a saurari jama'a kafin babban aiki. Mu riƙe ta hannu biyu. Sarakuna da masu gari, ku tara dattawa su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa, a jikin gawo ko bangon masallaci, a auna, a rubuta. Matasa, ku ɗauki hoton kowace kwalbati da ta tsage ko yashi ya cike. Ƙungiyoyin direbobi da na manoma, ku sa hannu a takarda guda, ku kai wa magabatan gunduma da ofishin ayyukan hanyoyi na Maradi. Gidajen rediyon karkara, ku gayyato injiniya ya buɗe zanen, ya yi mana bayaninsa da Hausa. A fara tun yanzu, kafin hadari ya haɗu.