Kada Kunya Ta Kai Uwa Kabari

Jama'a, ku tsaya ku ji halin da matan Koriya mazauna Amurka ke ciki, don maganar ta shafe mu. Tun da dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe musu ƙofa, 'yan Koriya ke kwarara can, har yawansu ya doshi miliyan 2. Suna da unguwa sukutum a Los Angeles, sun cika Flushing ta birnin New York. Mutane ne masu neman na kansu, masu tsayawa kan karatun 'ya'ya. Amma in aka zo gwajin sankarar bakin mahaifa, matansu na sahun waɗanda suka fi ƙaurace masa a duk ƙasar. Alhali a Koriya ta Kudu gwamnati na yi wa mace wannan gwaji kyauta duk shekara 2, tun tana da shekara 20.

Me ya tare su? A fara da harshe. Dattijuwa ce ba ta jin Turanci sosai, likitan baƙo ne kuma namiji, tafintan da ya rako ta ɗan cikinta ne. Wace uwa ce za ta yi zancen matancinta a gaban ɗanta? Sai ta fasa zuwa. Da yawa ba su ma san cewa doka ta wajabta wa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya samar musu da tafinta kyauta ba.

Ga kuma sana'a. Shagon wanki da guga, wurin gyaran farce, kantin kayan masarufi: mai irin wannan ba ta da ubangidan da zai biya mata inshorar lafiya, rufe shago yini guda kuwa asara ce. Wata ta ce sai ta je gida Koriya hutu za ta duba jikinta gaba ɗaya, tunda can ya fi araha. Shekara ta bi shekara, ba a je ba.

Amma a ganina abin da ya fi kashe su shi ne wannan magana: "Ai lafiyata ƙalau." Nan cutar ke yin yaudararta. Ƙwayar HPV, wadda ke haddasa kusan dukkan wannan sankara, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye, ba ciwo, ba jini. Don mai jin kanta garau aka yi gwajin, saboda a gano ɓarnar tun tana ƙarama a cire ta. Ranar da jini ya ɓalle, sau da yawa an makara. Wadda ta daina al'ada, da wadda mijinta ya rasu, kada su ce sun wuce wurin. Har shekara 65 ake yi.

Kuma abin ba wuya. Daga shekara 21, gwajin bakin mahaifa da ake kira Pap sau ɗaya a shekara 3. Daga 30, ana iya yin na HPV sau ɗaya a shekara 5. Tun 1991 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke da shirin gwaji kyauta ko da rangwame ga matan da ba su da inshora. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince mace ta ɗauki samfurin da hannunta a asibiti, ba wanda ya buɗe mata zane.

To saura me? Coci ce dandalin 'yan Koriya a Amurka, don haka fastoci su kawo ma'aikatan lafiya masu jin yarensu bayan ibada. Maigida ya riƙe shago yini guda. 'Ya mace ta nema wa mahaifiyarta likita mace, ta raka ta da kanta.

Mu kuma, 'yan'uwa mazauna Bronx da sauran biranen ƙetare, wanne ne a cikin waɗannan dalilai ba namu ba? A Najeriya, bayan sankarar mama, ta bakin mahaifa ce ta fi kama mata, kuma tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Malam, ka tambayi uwargida yau yaushe rabonta da gwaji. Hajiya, ki ɗauki mayafinki, ki biya wa maƙwabciyarki, ku tafi tare.