Fansho ko ladar kujera?

A ajin ilimin harshe an koya mana cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar kaya biyu. "Fansho" irin wannan kalma ce, kuma a cikinta ake yi mana wayo.

Kawuna a Tirmini ya shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alli. Kowane wata ana yankar wani abu a albashinsa, ana ajiyewa. Abin da yake karɓa yau guminsa ne aka maido masa. Alƙali ma haka ne, ma'aikaci ne, ana yanka a nasa. Ni ba ni da ja a kan fanshon alƙali. Alƙalin da ke tsoron tsufa da yunwa, ai shi ya fi sauƙin saye. Sharaɗin kawai, doka ta yanke masa, kada ya zama kyautar mai mulki.

To amma depite fa? Gwamna fa? Shekara huɗu ko biyar aka aike ka, ka dawo. Tun yaushe ɗan aike ya fara cin ladar aike har kabari? Kuma shi zai rubuta dokar, shi zai ɗaga hannu, shi zai karɓa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ku leƙa maƙwabta. A Zamfara, cikin 2019, tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman naira miliyan 10 da doka ta ce a riƙa ba shi kowane wata. Takardar ta fita, jama'a suka yi ca, a watan Nuwamba majalisar jihar ta soke dokar. Dokar ta daɗe tana nan, ba wanda ya motsa sai da mutane suka ga lissafin da idonsu.

Kada mu ce wannan ciwon Najeriya ne. A 2008 ƴan majalisarmu sun zauna a Yamai sun amince da dokar alawus da gatancin kansu, sai da ƙungiyoyin farar hula suka fito, kotun tsarin mulki ta ce dokar ta saɓa wa kundi. Wannan a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yau jika 42 ne, manomin gero kuwa ba shi da fansho sai rumbunsa da ƴaƴansa.

Za a ce mini tun 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, me ya kawo maganar? Ai yanzu ne lokacinta, tun babu mai kujerar da zai kare. Ran da za a rubuta sabon kundi, mu nemi abu uku: kada majalisa ta yanke wa kanta ko dala, shekarun zaɓaɓɓe su shiga asusu ɗaya da na malami da ma'aikacin likita, gwargwadon abin da ya zuba, kuma a buga lissafin da Hausa, a karanta a rediyo.

In mun yi shiru, ƴan'uwa ɗalibai, mu ne za mu biya, daga albashin aikin da ko samunsa ba mu yi ba tukuna.