Me Ya Raba Ɗalibi da Bakin Kogi?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauki fita bakin ruwa ranar hutu a matsayin al'adar Turawa, ko kuwa aikin marasa abin yi. Ni dai ban yarda ba. Mutumin Legas yana da bakin teku, mu kuwa Allah bai hana mu koguna ba. Ga Kubanni a Zariya, ga Challawa a kusa da Kano, ga madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974, duk tafiyar yini guda ce, a je da safe a dawo kafin magariba.

Shan iska kaɗai ma ya isa dalili, amma ɗalibin Hausa yana da wani na daban. Mu nawa ne za su iya bambanta karfasa da tarwaɗa, ko koma da birgi? A bakin masunta waɗannan kalmomi suke, kuma tsofaffinsu suna ta ƙarewa, 'ya'yansu kuwa sun koma birni neman wata sana'a. Ruwan ma yana lalacewa, domin dattin majemun zamani ya daɗe yana kwarara cikin Challawa.

Don haka ina roƙon malamanmu da ƙungiyar ɗalibai su ware Asabar ɗaya kowane zango, a ɗauki tabarma, da fura, da littafin rubutu.