SUNA BIYU, RUMBU ƊAYA: Kada sunan fayil ya ruɗe mu



Kwanakin baya wata 'yar'uwarmu daga Goronyo ta kai littafinta na farko wani shagon kwamfuta a Sakkwato don a buga mata. Babi goma sha takwas, aikin kusan shekara biyu. Da aka gama, yaron shagon ya tura mata a filashi, ta ga sunan littafin da idonta, ta biya, ta hau mota. Bayan sati uku ta sa filashin a kwamfutar wani ɗan'uwanmu a Wurno, ya ƙi buɗewa. Ashe abin da aka tura mata shotkot ne, ɗan alamar nan mai kibiya a gefe, wanda aikinsa kawai ya nuna hanyar zuwa fayil. Da ta koma shagon, an riga an wanke kwamfutar an sa sabon Windows. Allah ya sa ba ta jefar da littattafan da ta rubuta da biro ba, da sai dai labari.

Abin da ya cuce ta shi ne abin da ke cutar mu duka: mun ɗauka sunan fayil shi ne fayil. Kwamfuta tana ajiye rubutunmu a wani wuri cikin faifanta, sannan ta rubuta suna a rajistarta mai nuna wurin. Rubutun shi ne hatsi a rumbu, sunan kuwa ƙofa ce.

Shotkot ƙanen wani abu ne da ya fi shi ɓoyuwa, wanda masana kwamfuta ke kira hadlink. Mu kira shi tagwayen suna. A nan ana huda wa rumbu ɗaya ƙofa ta biyu, kuma babu wadda ta girmi wata. Babu kibiya, babu alama. In ka duba nauyinsa, cikakke zai nuna maka. A Windows da Linux layi ɗaya na umarni ya isa a ƙirƙire shi. Don amfani aka yi shi, domin ya rage cin wuri a faifai, amma yana ɗauke da haɗari uku.

Na farko, gogewa ba ta zama gogewa. Kwamfuta ba ta sakin wurin da rubutu yake sai an goge suna na ƙarshe. Mai shago zai iya goge littafinka a gabanka, ya zubar da kwandon shara, ka tafi da kwanciyar hankali, alhali littafin na nan daram a wata folda da sunan "takardar makaranta".

Na biyu, kwafi ba ya zama kwafi. In sunaye biyu na kallon rubutu ɗaya, ɓarnar da aka yi ta ƙofa ɗaya ta shafi ɗayar. Kana ganin kana da ajiya biyu, ashe ɗaya ce da riga biyu.

Na uku ya fi muni. Manhajojin da ke kwance ƙunshin fayiloli, ko share tarkace, ko sabunta kansu, sau da yawa suna aiki da ikon da ya fi na mai amfani da kwamfutar. Mugu sai ya shirya suna mai kama da na banza, amma yana buɗewa cikin fayil mai muhimmanci. Kamar ka aiki yaro mai riƙe da makullan gida ya zuba toka a ɗakin da aka rubuta wa "shara", ashe ƙofar rumbun gero ce aka sauya wa allo. Yaron bai yi laifi ba, umarni ya bi, amma geron ya tafi. Wannan ne ya sa a 2012 masu kula da Linux suka ƙara kariya don hana mutum yi wa fayil ɗin da ba shi da iko a kansa tagwayen suna. A 2019 kuma aka bayyana irin wannan ramin a manhajar kwance ƙunshi ta Node.js, inda ƙunshi ɗaya kan iya danne fayil ɗin da ya tarar a kwamfuta. A shekarar dai kamfanin Check Point ya bayyana wata kafa a WinRAR da ta yi shekara 19 a buɗe, wadda ke barin ƙunshi ya ajiye fayil inda ba a ce ya ajiye ba. Wannan ba hadlink ba ne, amma uwarsu ɗaya: manhaja ta yarda da suna ba ta bincika inda ya nufa ba. An toshe kafar, sai dai WinRAR ba ya sabunta kansa, kuma mun san shekarun wanda ke kan kwamfutocin da muke kai aikinmu.

Wani zai ce, "Mu da waya muke rubutu, ina ruwanmu da Linux?" Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Da wuya marubuci a Rabah ya ci karo da hadlink a wayarsa, kuma yawancin filashi ba sa ma ɗaukarsa. Amma littafin ba ya mutuwa a waya. Yana zuwa shago a tsara shi, yana zuwa wurin mai zana bango, yana zuwa maɗaba'a, kuma kowace kwamfuta a hanyar hannu goma ke taɓa ta. Ban da haka, halin ɗaya ne ko'ina. Wanda ya raba mahaɗin Google Drive ga mutum ɗaya, ya goge saƙon a WhatsApp, ya ce ya rufe, ƙofa ɗaya ya rufe. Wanda ya sauke ƙunshin "littattafan Hausa 500 kyauta" ya kwance a kwamfutar da littafinsa yake, ya miƙa wa baƙo makulli.

Abin kunyar shi ne mu 'yan yankin nan bai kamata a koya mana ajiyar rubutu ba. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma Infakul Maisuri da ya rubuta a 1812 har yau ana karanta shi. Ya iso mana ne saboda almajirai sun zauna da tawada da alƙalami sun kwafa, kowane kwafi ya tsaya da ƙafarsa, aka watsa su gari-gari. In gara ta ci ɗaya, wani na nan. Mutanen gefen kogin Rima da suka ga ambaliyar 2010 su ma sun san buhu biyu a ɗaki ɗaya ba ajiya biyu ba ce.

Don haka ga abin da muke ba kanmu shawara. Duk abin da aka tura mana a filashi, mu buɗe shi a wata na'ura daban kafin mu bar garin. Mu duba nauyinsa: littafi mai babi ashirin ba ya zama kilobayit biyu. Mu ajiye aikinmu wuri uku da ba su haɗa rufi ba, misali waya, filashi, da imel da muka tura wa kanmu, wanda zai kuma riƙe mana kwanan wata in gardama ta tashi a kan wa ya fara rubutawa. Kada mu kwance ƙunshin da ba mu san asalinsa ba a inda rubutunmu yake. Masu kwamfuta a cikinmu su sabunta manhajojinsu. Kuma duk littafin da ya shiga kwamfutar wani, mu ɗauka yana can har abada, ko an goge a gabanmu. Saboda haka mu zaɓi mai amana tun kafin mu miƙa.

'Yar'uwarmu ta sake bugawa da kanta, a waya, babi ɗaya kowane dare. Jiya ta kai na goma sha ɗaya. Mu kuma kafin mu kwanta yau, kowa ya buɗe abin da yake kira ajiyarsa ya gani ko akwai hatsi a ciki. Wanda irin wannan ta taɓa samu, ya ba mu labari a ƙasa don na baya su ɗauki darasi.

Allah ya tsare mana alƙalumanmu da abin da suka rubuta.